Dashen da Ba Shi da Saiwa

Da na isa bakin ruwa da safe, na tarar gaɓar gabas ta yi kore.

Na tsaya riƙe da jarkar mai. Jiya da la'asar babu komai a wurin sai laka da sandunan gora. Dashen bakau, itacen da ke girma a lakar bakin teku, dubu huɗu muka sa a nan a Disamba, ni na jagoranci aikin. Bayan wata biyu waɗanda suka rayu ba su kai ɗari biyu ba. Yau kuma ga ganye layi-layi, kowanne ɗaure da sandarsa.

Pakde Kasmin, yayan mahaifina, yana zaune a kan kifaffen kwale-kwale, laka har gwiwarsa, yana zuƙar tabarsa mai kanumfari.

"Ya yi kyau ko, Le?" Haka yake kirana, wato yaro.

"Pakde, me kuka yi?"

"Gyaran gida. Ba baƙuwa za mu yi ba?"

Na shiga lakar na ja guda ɗaya. Ya fito ba gardama. Reshe ne, an sare shi da adda daga tsohon kurmin bayan maƙabarta, an soka.

"Mayar da shi yadda ka gan shi," in ji Pakde. "Mu tara muka sha wahalar nan. Kai kana ta minshari."

Baƙuwar ita ce Bu Marijke, daga gidauniyar ƙasar Holan da ke ɗaukar nauyin ƙungiyarmu shekara biyu ke nan. Bu muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuwa Pak ko Mas. Abin da ta rubuta bayan ziyarar yau shi zai sa a ba mu wasu shekara uku ko a rufe mu. Mu goma sha ɗaya ne ke aikin. Teku kuwa ba ta jira. Ta cinye gonakin shinkafa tun ina firamare, sau biyu muna ɗaga daɓen gidanmu. Bakau ne kaɗai ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso ƙofa.

Bu Lastri, shugabar ƙungiyar, ta iso a kan babur. Ta cire hular kwano, ta dubi gaɓar, ta dubi Pakde.

"Wa ya sa ku, Pak?"

"Sai an sa mu? Rufa miki asiri muka yi."

Ta juya za ta yi magana, sai ga farar mota a kan hanyar datsi. Ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Tarjo, ka fara da gaɓar yamma, ka ja lokaci a can. Gabas kuma daga nesa. Kar ka kashe inji."

Na ce to.

Bu Marijke doguwa ce, ta fi Pakde tsawo da kai guda. Tana jin yarenmu, tana yin sa a hankali. Ta zo da takalmin roba mai tsawo.

"Bu, wannan takalmin, lakarmu za ta karɓe shi kyauta," in ji Pakde. "Ta cinye na hakimi ma."

Ta yi dariya. Mu huɗu muka shiga jirgi, ni a wajen inji.

Gaɓar yamma gaskiya ce. Itatuwan shekara uku ne, mu muka dasa su da hannunmu tun kafin a san da mu. Sun fi ni tsawo, ƙaguwa na yawo a cikin saiwoyinsu. Na ja lokaci yadda aka ce. Ta taɓa ganye, ta ɗauki hoto, ta yi wa Bu Lastri tambayoyi. Ni rana nake kallo. Saran reshe ba ya kai azahar bai sunkuyar da kai ba.

"Yanzu gabas," in ji ta. "Su ne namu da ku."

Na bi ta nesa. Ta ɗaga wayarta, ta jawo hoton kusa. Bu Lastri ta damƙe gefen jirgi da hannu biyu.

"Ban taɓa ganin haka ba," in ji Bu Marijke. "A sauran wurare rabi ke mutuwa." Ta juyo gare ni. "Mas Tarjo, an ce kai ka dasa su."

"Ni ne."

"Akwai ƙauyuka shida da muke tallafa wa a wannan gaɓar. Zan turo mutanensu wurinka. Su yi yadda ka yi, a watan da ka yi."

"Ai yaron namu gwani ne," in ji Pakde. "Magana ce dai ba ya so, tun yana ƙarami sai an biya shi."

Ƙauyuka shida. Na san biyu daga ciki, can dangin mahaifiyata suke. Za su kwashe wata uku suna rainon dashe a cikin leda, su kai shi laka a Disamba, ruwa ya share.

Na karkata jirgin.

"Tarjo," in ji Bu Lastri.

Na kashe inji. Jirgin ya ja ciki a laka ya tsaya. Na miƙa hannu na zare reshe ɗaya, na ba Bu Marijke.

Ta juya shi. Ta dubi farin saran addar. Ta miƙa hannu da kanta ta ja wani, shi ma ya fito. Ta ja na uku.

"Duka?"

"Kusan duka," na ce. "Na gaskiyan sun mutu tun Fabrairu."

Pakde ya tofar da yawu a ruwa. "Ni na yi, Bu. Ita ba ta sani ba. A nan ba ma kai baƙo ya kalli abin kunya."

Bu Marijke ba ta dube shi ba. Bu Lastri take kallo.

"A rahotonki kin ce an yi ɗan asara."

Bu Lastri ta yi irin murmushin da muke yi idan babu wurin ɓuya.

"Me ya kashe su?"

Ni na amsa. "Disamba. Kun ce a gama dashe kafin shekara ta ƙare. Lokacin iskar yamma ke tashi. Igiyar ruwa ta tumɓuke su kafin su kama ƙasa. Kowa a nan ya san ba a dashe sai Afrilu."

"Kowa ya sani?" Muryarta ta sauya. "Bu Lastri, na tambaye ki a waya ko zai yiwu."

"Kin tambaya."

"Kika ce zai yiwu."

"Na ce to." Bu Lastri ta saki gefen jirgin. "Akwai wata ƙungiya a gundumar da ke gaba da mu. Shugabansu ya taɓa ce wa masu ba su kuɗi ba haka ake yi ba. Aka gode masa sosai. Yanzu hayar babur yake yi."

"Ba mu ba ne," in ji Bu Marijke.

"Ta yaya zan sani, Bu?"

Ruwa na janyewa. Na sauka na tura jirgin kafin ya kafe, muka koma.

Matan ƙungiya sun shirya shayi da soyayyar ayaba da gasasshen kifi a ofis. Bu Marijke ta zauna, ta kurɓi shayi sau ɗaya, ta ce a kawo mata duk hotunan gaɓar gabas daga Disamba zuwa jiya. Suna cikin wayata. Na tura mata. Ta shiga mota da reshen a hannunta.

Sati bakwai ba labari. Pakde ya daina shigowa gidanmu. In mun haɗu a masallaci sai ya canja sahu.

Ranar wata Talata Bu Lastri ta kira ni ofis. Takarda na gabanta.

"Shekara ɗaya, ba uku ba," in ji ta. "Rabin abin da muka nema. Za su riƙa zuwa ba sanarwa. Watan dashe kuma mu za mu zaɓa, mu da ƙauyukan nan shida."

"Ba a rufe mu ba ke nan."

"Ba a rufe mu ba. Amma ba zai riƙe mutum goma sha ɗaya ba. Bakwai." Ta turo mini farar takarda da biro. "Kai ke fita laka da su, kai ka san aikin kowa. Kuma na ga ba ka jin nauyin faɗin abu. Rubuta mini huɗun da za su tafi."

Ta ɗauki hular kwanonta ta fita, ta ja ƙofa.