Awarar Mazarƙwaila

Duk mai bin bakin layin dogo na Agege a shekarun nan ya san Ruƙayyatu mai awara. A unguwar aka haife ta, a nan ta yi wayo, Yarabanci a bakinta kamar Hausa. Mijinta Jumare kuwa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Giwa, ya zo Ikko da ƙarfinsa, yana sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12. Ƙato ne, mai yawan dariya, mai son ci. Tun daga ƙofar gida zai ɗaga murya ya ce, "Maman Bilkis, yau daddawa ta yi yawa a miyar nan!" In ta ɗanɗana kuma sai ta ga gaskiyarsa ce.

Ɗaki ɗaya gare su a wani dogon gidan haya, su da 'yarsu Bilkis, wadda ba ta ko shiga makaranta ba tukuna. Ba su da yawa, amma ba su kwana da yunwa.

A ƙarshen shekarar da sojoji suka miƙa mulki, rikici ya ɓarke a kasuwa. Jumare ya fita da safe bai dawo ba. Ruƙayyatu ta yi kwanaki tana yawo tsakanin masallatai da gidajen 'yan uwa, har Ɗanliti, abokin aikinsa, ya gano shi a wani asibiti. Wasu samari ne suka ritsa shi a bayan rumfunan doya, ɗaya ya sauke masa katako a ƙeya. Bai ga fuskar kowa ba.

Raunin ya warke. Abin da bai warke ba shi ne ciwon kai, wanda in ya taso sai ya kwanta ya rufe ido da tsumma. Ya gwada komawa dako, buhun farko ya kai shi ƙasa. Daga nan ya zauna a gida.

Ran da ya fara jin dama-dama, Ruƙayyatu ta yi masa tuwon masara da miyar kuka, ta zuba man shanu har ƙamshin ya cika gidan. Ya kai loma biyu ya tsame hannu.

"Ba ki sa komai a ciki ba ne?"

Ta dube shi, ranta ya ɓaci. "Haba Malam. Maƙwabta ma sun san abin da na dafa."

"Wallahi kamar ina tauna tsumma."

Ta tashi ta ɗauko kwalbar kananzir, ta buɗe, ta kai masa hanci. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ɗago ya ce, "Ruwa ne?"

Likita ya ce bugun ne ya taɓa jijiyar da ke kai ƙamshi, wani tasa takan dawo, wani kuma shi ke nan. Ya ce yawancin abin da muke kira daɗin abinci ta hanci yake shiga. Jumare ya saurara, ya yi godiya, suka hau danfo, ƙaramar motar haya ta Ikko, suka koma gida.

Daga nan ya soma ramewa. Mutumin da ke share malmala uku ya koma sai an yi da gaske yake cin rabin ɗaya. Nama ya ce igiya ce. Awarar da yake ci tun tana cikin mai yanzu ya ce soso ce. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, dariyar ta ɗauke. Ruƙayyatu takan zauna gaban kaskon suya tana kallon mutane suna cin awararta da yaji suna lumshe ido, ta tuna wanda ta bari a gida.

Wata rana da la'asar ta dawo da ragowar awara, cikinsu har da wani siririn yanki da ya daɗe a mai ya bushe. Bilkis na zaune a cinyar ubanta tana lasar mazarƙwaila, hannunta duk ya yi danƙo. Ta ɗauki yankin nan, ta goga shi a mazarƙwailar, ta cusa wa uban a baki kamar yadda yara ke yi. Ya tauna don kada ta yi kuka. Sai ya tsaya.

"Wannan na ji shi," in ji shi.

Ruƙayyatu ta ajiye tiren. "Me ka ji?"

"Zaƙi. Da ƙara. Ina jin ta ƙaras-ƙaras har cikin kaina." Ya miƙa hannu. "Akwai wani?"

Tun da aka sallamo shi, wannan ne karo na farko da ya nemi ƙari.

Washegari ta shiga gwaji. Ta jiƙa waken suya kamar kullum, ta kai inji, ta tace, ta dafa madarar, ta zuba ruwan tsami har ta dunƙule. Amma maimakon ta danne ta da dutse ɗaya sai ta ɗora biyu, ta bar ta har ta yi tauri kamar sabulu. Ta yanka siri-siri. Da farko ta narka sukari ta zuba, ya ƙone ya yi ɗaci, Jumare ya tofar. Ta gwada zuma, kafin a jima awarar ta yi laushi ta koma soson da ya tsana. Ta yi ta ɓarnar wake har maƙwabciyarta Iya Sikira ta leƙo ta tambaye ta ko lafiya.

A ƙarshe ta gano hanyar. Sai ta mirgina yankan a garin rogo, ta soya sau ɗaya ta kwashe ya huce, ta sake mayarwa a mai mai zafi har ya yi ja. A gefe ta narka mazarƙwaila da ɗan ruwa da citta, in ta fara danƙo ta juye awarar a ciki, ta yi maza ta barbaɗa soyayyen riɗi da dakakkiyar gyaɗa, ta baza a tire. In ta sha iska sai ta yi ƙyalli, in ka gatsa na kusa da kai ma zai ji ƙarar.

Jumare ya ci. Ba ya jin cittar sai ɗan zafinta, ba ya jin riɗin sai fashewarsa a haƙori, amma ya ci, kuma in ya soma da ita yakan iya tura tuwo a baya. Fuskarsa ta ɗan ciko.

Iya Sikira ce ta matsa mata ta fita da ita bakin hanya. Ba a yi wata ba sai ga 'yan okada masu haya da babur da yaran danfo suna tsayawa, matan da ke dawowa daga ofisoshin Ikeja suna saya a leda su kai wa 'ya'yansu. Yarabawa suka sa mata suna wara oloyin, wato mai zuma, duk da babu zuma a ciki. Tire ɗaya ya koma uku. Ruƙayyatu ce ke ciyar da gidan yanzu, kuma ta lura duk ran da ta dawo da tire wayam, murnar Jumare ba ta kai idonsa.

"Ki ba ni wani abu in riƙa yi," ya ce mata. "Na gaji da zama kamar turmi."

Ta ba shi dakan gyaɗa da tsince riɗi. In maza sun shigo gidan sai ya tura turmin bayan ƙofa.

Damina ta sauka. Madafin gidan da ke baya ya cika da ruwa, don haka ta shigo da rishonta ɗaki, ta ajiye kusa da ƙofa. Ranar da abin ya faru, da hantsi, ta ɗora mai ke nan sai ta ga garin rogo ya ƙare. Bilkis na barci a kan katifa. Jumare na zaune a tabarma.

"Malam, in kashe ne? Yanzu zan dawo, nan bakin titi ne."

"Bar shi. Mai ne kawai, ba zan iya kallon mai ba?"

Ta ga yadda ya kafe ta da ido, ta san in ta kashe rishon nan ta kashe wani abu a cikinsa. Ta ɗauki mayafi ta fita.

Mai shagon ya rufe, ta ƙarasa gaba, ruwa ya tsare ta a wata rumfa. Tana dawowa ta jiyo mata suna ihu da Yarabanci cewa wuta, wuta. Ta hango hayaƙi na fita ta tagarsu. Ledar garin ta faɗi a taɓo.

Abin da ya faru shi ne, tana fita ciwon kan ya taso masa. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, ya juya wa rishon baya, ya rufe ido da tsumma. Man ya yi zafi, ya yi hayaƙi, har Iya Sikira da ke can ƙarshen gidan ta ji ƙauri ta fito tana tambaya. Shi da ke kwance kusa da kaskon bai ji komai ba. Sai da wuta ta kama labule, tari ya shaƙe shi, sannan ya buɗe ido. Ya yi kan katifa ya sungumi Bilkis, wajen fita ƙafarsa ta ture kaskon, man ya watsu a hannun yarinyar daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu.

Maƙwabta suka kashe wutar da ruwan sama da suka tara a robobi. Rabin ɗakin ya ƙone. Mai gidan hayar ya zo da yamma, ya tsaya ya dubi bangon da ya yi baƙi, ya ce ba faɗa zai yi ba, amma yana da iyalai da yawa a gidan nan, ba zai iya barin mutumin da wuta ke ci a gefensa bai sani ba ya ci gaba da zama a ciki. A gaban Jumare ya faɗa.

Suka koma gidan yayar Ruƙayyatu a cikin unguwa, aka ba su wani ɗan ɗaki. Bilkis ta yi makonni a asibiti. Duk ran wanke ciwo sai an danne ta, tana ihu tana kiran Baba. Jumare yakan tsaya a waje ya jingina kai da bango. Ruƙayyatu ba ta taɓa ce masa laifinsa ne ba. Da ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tuna ita ce ta fita ta bar rishon a kunne. Shi ma bai ce nata ne ba. Haka suka zauna, kowa na kauce wa idon ɗan uwansa.

Da aka sallami yarinyar, Ruƙayyatu ta sayi sabon kasko ta koma suya, don ba yadda za ta yi. Ta kawo masa awarar a faranti. Ya dube ta ya kau da kai.

"Ka ci mana, Malam."

"Ba zan iya ba."

"Zaƙin ma ya tafi ne?"

"Yana nan. Shi ya sa."

Bayan ƙaramar Sallah ya ce mata Ɗanliti ya yi masa magana da wani direban tirela da ya kawo shanu, zai koma Arewa wayam.

"Gida zan tafi, Maman Bilkis. A can ko ba na jin ƙauri, fili ne, babu abin da zan ƙona."

"To mu tafi tare."

"Ki yi me a can? Ko rijiya ba ki taɓa ja ba. Hannun yarinyar nan yana son asibiti, ga makaranta. Nan kina da sana'a. Ni ne ba ni da komai a nan."

Ta yi kuka, ta kira yayarta, ta kira limamin unguwa. Ya saurari kowa da ladabi, ranar tafiya ya ɗaure kayansa a buhu. Ta raka shi har wajen mayanka inda tirelar take. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon tabon hannun Bilkis, bai taɓa ba. Sannan ya hau.

Ba saki ya yi ba, kuma bai dawo ba. Direbobi kan kawo labarinsa jefi-jefi: yana gidan wansa, yana kiwon awaki, yana gaishe su.

Sai a shekara ta biyu ta samu ta je. Ta kwana a mota, ta hau babur daga bakin titi, Bilkis a gabanta. Ta same shi a gindin wata ɗorawa a bayan gari, ya tsufa kamar an ƙara masa shekara ashirin. Ya yi murna, ya miƙa hannu zai ɗauki Bilkis, amma yarinyar ta noƙe ta ɓuya a bayan uwarta, ta tambaya da Yarabanci wane ne wannan. Ya gane abin da ta ce. Ya sauke hannunsa.

Matar wansa ta ja Ruƙayyatu gefe ta ce kunu kawai yake sha, wani lokaci ma sai an tuna masa. Ruƙayyatu ta zauna kusa da shi har rana ta yi sanyi. Ya tambayi Iya Sikira, ya tambaya ko jirgi na wucewa ta layin har yanzu, ya tambayi kuɗin wake a Ikko. Ta ce ya biyo su, ta samu ɗaki mai madafi a waje. Ya girgiza kai a hankali.

"Ki koma, Ruƙayya. Masu saye na jiranki."

Ta yi 'yan kwanaki ta shirya. Ya rako su har bakin titi a ƙafa, ya tsaya har motar ta cika. Da ta tashi, Ruƙayyatu ta leƙa ta taga, ta ga ya riga ya juya yana bin hanyar gona, sandarsa a kafaɗa. Bilkis ta ce tana jin ƙishirwa. Ta buɗe jaka ta ba ta ruwa, ta gyara mata hannun riga, motar ta miƙi hanyar Kudu.