Izinin Kwasar Kaya

Ghali ya zo Doha yana direban tankar ruwa. Kafin shekara goma ya zama mai shago a unguwar Al Asmakh, yana tura turare, dabino da darduma zuwa Kano da Yawuri, garinsu. Sau biyu ƙungiyar Hausawan Doha ta zaɓe shi shugaba. In wani ya rasu shi ke bin takardun gawa, in an kama wani shi ke zuwa ya yi magana, don bakinsa ya faɗa da Larabci.

Da korona ta shigo, wani kamfanin masu gadi ya sallami ma'aikata da yawa, aka sa su a jirgi kowa da jaka ɗaya. Ɗakunansu a unguwar Fereej Abdel Aziz suka rage cike da kaya. Mai kamfanin ya ba Ghali izini a rubuce ya kwashe, abin da aka samu su raba. Ghali ya ɗauki babbar mota da ƙarti huɗu. Sun fara da ɗakunan waɗanda suka tafi, daga baya suka daina tambaya. Duk ƙofar da suka tarar da kwaɗo sai su ɓalle.

Cikin ɗakunan har da na Zulkiflu, wani mai gadi ɗan Zariya da aka killace saboda ya kamu da cutar. Ya fito a rame, numfashi na yi masa wuya, ya tarar ko katifa ba a bar masa ba. Kekunan ɗinki biyu da ya saya don ya koma gida ya buɗe shago, a bayan shagon Ghali ya gan su, an naɗe za a tura.

Ƙara sai gaban shugaba, shugaban kuwa Ghali ne. Aka zauna bayan la'asar, kowa da takunkumi. Ghali ya nuna takardarsa, ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Dattawan da ke wurin suka sunkuyar da kai, don shinkafar da suke ci tun da aka yi kulle daga shagonsa take fitowa kyauta.

"Alhaji, ban tafi ba. Ina kwance ne," in ji Zulkiflu.

"Ɗakin na kamfani ne, ɗana. Khalas, magana ta ƙare," in ji Ghali.

Zulkiflu ya ce zai kai maganar gaba. Ghali ya kira mai kamfanin, wanda shi ne kafil ɗin Zulkiflu, wato mai riƙe da izinin zamansa a ƙasar, aka rubuta cewa Zulkiflu ya gudu daga aiki. Aka mayar da shi gida da ciwon ƙirjinsa, bai ga ƙarshen damina ba. Ghali ne ya sanar da rasuwar, ya kuma aika wa matarsa buhun shinkafa.

Da gasar kofin duniya ta ƙarato, masu tsofaffin gidaje suka yi ta fitar da 'yan haya don su sa baƙi, harkar Ghali ta kwasar kaya ta ƙara buɗewa. Har jirgin ruwa na katako ya saya a Corniche, bakin teku, don yawo da baƙi. Sai yaransa suka ɓalle wani sito, ashe na wani attajiri ne ɗan ƙasa. Aka tsare Ghali, aka ce ba zai fita ba sai ya mayar da komai. A tsare ya yi gasar gaba ɗaya. Jirgin aka sayar kafin aka sake shi, ya fito gemu ya yi fari.

Zaɓen ƙungiya ya zo a watan Janairu. Babu wanda ya fito takara sai Ghali. Ladi, mai shara a wani asibiti, ƙanwar matar Zulkiflu, ta miƙe ta ce yayarta na can da marayu uku, ta tambaya ko kekunan ɗinkin ma za a mayar kamar na attajirin. Wani dattijo ya ce mata ba yau ce ranar wannan magana ba.

Aka ɗaga hannu don zaɓen Ghali, ita kaɗai ta bar nata a cinya. Ta fita kafin a raba abinci. Da yamma ta duba wayarta, ta ga an cire ta daga zauren hirar ƙungiya na waya.