Shuɗiyar Damisa a Ƙofar Kaka

Saura kwana biyu Sabuwar Shekara na iso ƙauyenmu daga birnin Xi'an, da katon kwali a bayan mota. Ban tarar da kowa a gida ba. Baba ya kai Kaka kasuwa sayen nama. Na ce madalla, kafin su dawo na gama.

Sunana Shuyan, aikina zane da tsara kayan ado. A birni na tashi, ƙauye sai da hutu. Kaka kuwa duk yankin an san ta da yankan takarda, irin jajayen da ake liƙawa a tagogi in shekara ta juyo. Lokacin girbi da na zo duba ta, ina binciken akwatinta sai na ga wasu guda shida a can ƙasa, an naɗe su a tsumma. Ba ja ba ne, shuɗi ne. Akwai damisa mai manyan idanu, akwai ƙananan takalma, akwai kifi. Ban taɓa ganin aikinta mai kyau kamarsu ba. Na ɗauki hotonsu na mayar, ban ce mata komai ba.

Su na faɗaɗa na kai baje kolin zane a birni. Mutane suka yi ta yabo, wai an gaji da ja, ga sabon abu. Har aka buga ƙanana dubu uku, aka saye su tas.

To, manyan ne na kawo wa Kaka don in ba ta mamaki. Na dama fulawa a wuta don liƙi, na liƙa damisar a ƙofar gida, takalman da kifin a tagogi. Na ja baya ina ɗaukar hoto kenan sai na ji wani abu ya tarwatse a bayana.

Gwaggo Cuilan ce, maƙwabciyarmu. Kwanon awarar da ta ɗauko ya kife a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo! Yaushe? Jiya-jiya muka yi hira da ita!"

"Gwaggo, lafiya? Da wa?"

Ba ta ko kalle ni ba. Ta juya tana kururuwa, tana kiran sunayen matan layin ɗaya bayan ɗaya. Kafin in ankara ƙofar gidanmu ta cika. Mata na kuka, wata ta rungume ni tana cewa in yi haƙuri. Tsoho Hao, wanda ya girmi kowa a ƙauyen, ya taho yana dogara sanda, da farin ƙyallen makoki a hammata.

"Wai me ya faru ne?" na tambaya.

Tsoho Hao ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kika liƙa wannan?"

"Ni ce, Kaka Hao. Ado ne."

"Ado! Yarinya, duk karatun da kika yi ba wanda ya gaya miki? Gidan da aka yi rashi ne ke liƙa shuɗi. Kin sanar da gari cewa kakarki ta mutu."

Abin da ya fara zuwar mini shi ne tagogi dubu uku a birni.

Ana cikin haka babur mai ƙafa uku ya shawo kwana. Baba na tuƙi, Kaka na zaune a baya cikin bargo, rungume da cinyar alade. Wata mata ta ƙwalla ƙara ta faɗa jikin ta kusa da ita. Gwaggo Cuilan ta zauna daɓas a cikin awararta.

"Wa ya mutu?" in ji Kaka.

"Ke!" in ji Gwaggo Cuilan. "Ke kika mutu, 'yar nema!"

Wasu suka fara dariya da hawaye a fuska. Baba bai yi dariya ba. Ya ga ƙofar, fuskarsa ta haɗe, ya diro ya nufi damisar zai yage ta.

"Desheng, kar ka taɓa."

Kaka ba ta ɗaga murya ba, amma hannun Baba ya tsaya a sama. Ta miƙa wa wata cinyar, ta sauko da kanta, ta je gaban damisar ta tsaya. Damisar ta fi ta tsawo yanzu. Ta daɗe tana kallonta.

"A akwatina kika gani?"

"E, Kaka. Ki yafe mini, ban sani ba. Na Kaka namiji ne, ko? Lokacin da ya rasu?"

"A'a. Na wan babanki ne."

Baba ya juyo a hankali. "Wane wa? Inna, ai ni ne ɗanki na fari."

"Kai ne na biyu."

Na ga Tsoho Hao ya sunkuyar da kai, na gane shi ya sani.

Kaka ta yi maganar tana kallon ƙofa, ba mu ba. Ta ce shekararsa uku, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana biyu, wata ɗaya kafin Sabuwar Shekara. Surukarta ta ce ba a yi wa ƙaramin yaro makoki, za a liƙa ja kamar kowane gida, kuma kar a sake ambatarsa. Ta yanka ja ta liƙa. Ta yanka shuɗi a ɓoye ta binne a akwati. Damisar irin ta hularsa ce. Takalman kuwa ba ta gama ɗinka masa na gaske ba.

Baba, mutum mai shekara hamsin da huɗu, ya zauna a bakin babur.

"Kuma mahaifina bai taɓa faɗa ba?" in ji shi.

"Ba a faɗa, na ce maka."

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba sallama. Na matsa kusa da ita, na gaya mata maganar dubu ukun, don gara ta ji daga bakina. Na ce zan kira waɗanda suka buga a janye duka, a ba mutane haƙuri.

Ta juyo ta kalle ni, ido waje. "Dubu nawa?"

"Uku."

"A tagogin mutane? Suna ci suna sha a ƙarƙashinsu?"

"E, Kaka."

Ta rufe baki da hannu. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta mare ni. Sai ta ce in kira ɗin, in faɗa musu ma'anarsa, wanda ya ga zai cire ya cire. Na ƙofarmu kuma a bar su su wuni, gobe a sa ja.

Washegari da hantsi ta ce mu kai ta bayan tudu, inda aka binne yaron. Muka hau, Baba na riƙe da ita. Wurin duk ya zama gonar tuffa, an yanka shi hawa-hawa. Ta yi gabas, ta dawo, ta tsaya wajen wani dutse, ta ce ba nan ba ne. Mun fi awa guda muna zagaye. Daga ƙarshe ta gaji ta zauna a kan kunyar gona.

Baba ya tsuguna a gabanta. "Inna, me sunansa?"

"Mancang."

Baba ya maimaita sunan sau biyu, a hankali, kamar yana gwada shi a baki. Sannan ya juya mata baya ya ce ta hau, ya goya ta muka sauko.