Aron Gona ga 'Yan Golf

Alhaji Abdulmannan bai taɓa yarda da araha ba. Ya tsufa yana cinikin shinkafa a kasuwar Haɗeja, kuma duk buhun da aka yi masa rangwame a kai sai ya sa an zazzage shi ƙasa, don a ganinsa babu mai sauƙaƙa farashi sai wanda ya ɓoye tsakuwa a gindin buhu. Da wannan halin ya shiga maganar golf.

Likita ne ya jawo masa. An auna shi aka ce sukari ya hau, ko ya riƙa tafiyar ƙafa ko ya shirya kwanciya. Shi kuwa bai ga yadda dattijo kamarsa zai kama yawo a bakin titi kamar wanda akuyarsa ta ɓata ba. Sai surukinsa Alhaji Fannami, mahaifin mijin 'yarsa Amira, ya ɗauke shi zuwa Kano ya nuna masa wasan da manya ke tafiyar ƙafa a cikinsa ba mai yi musu dariya: a bugi ɗan farin ƙwallo da sanda, a bi shi har ya faɗa rami, a nufi rami na gaba. Ranar farko ƙasa ya yi ta haƙa kamar mai shukar gero. Washegari ƙwallon ya tashi sama ya yi tafiya mai nisa, kuma tun daga nan abin ya shiga ransa.

Sai ya hau bincike yadda ya saba. Ya leƙa wani kulob a Abuja, ciyawarsa luf-luf kamar darduma, amma kuɗin shiga kaɗai ya isa a saya wa ƙauye guda injinan ban ruwa, kuma sai tsofaffin mambobi sun tsaya maka kamar mai neman aure. Wanda ya gani a Kano ya fi sauƙi, sai dai idan ka haɗa kuɗin shekara da man mota daga Haɗeja da sallamar mai ɗaukar maka jakar sanduna, da ɗan abin da za ka ci a wurin kada a kira ka marowaci, kowane bugu ya kusa cinye kwanon shinkafa. Akwai wani mai araha da aka kai shi, wanda babu ciyawa a bakin ramukansa sai yashi da aka cakuɗa da baƙin mai. Ya dawo rigarsa tana wari kamar ta bakanike, aka yi mako ana yi masa tsiya a gida.

Yana cikin wannan auna-auna Fannami ya same shi a shago da hantsi.

"Alhaji, ka huta da lissafi haka nan. Ni da wasu abokai za mu buɗe namu a nan gida, bakin fadama, hanyar Auyo. Kai kuma ko kwabo ba za ka biya ba. Mamba ne kai iyakar rayuwarka."

Abdulmannan ya ajiye kofin shayinsa. "Me zan bayar?"

"Wa ya ce za ka ba da wani abu?"

"Ba a ce ba. Shi ya sa na tambaya. Sannan fadamar da kake magana, idan kogi ya kawo, golf za a yi a ciki ko kamun kifi?"

Fannami ya yi dariya har da buga gwiwa. Ya ce ai nan maganar take. Filin da suka saya ruwa yana cinye shi da damina, don haka suna bukatar ɗan tudu da za a ci gaba da wasa a kai, kuma babu tudu a wajen sai gonar gidansu Abdulmannan. Ba saye suke so ba, aro ne na 'yan shekaru kafin su yi cikon nasu filin.

Gonar ba ta Abdulmannan ba ce shi kaɗai. Gadon mahaifinsu ce da ba a raba ba, tsakaninsa da yayarsa 'Yar'azumi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a wani ƙauye kusa da Auyo. Shi da yake yana da kasuwa, ya daɗe da sakar mata ita. Da damina ta sa a shuka mata gero, da rani a yi alkama da tumatir, da abin da aka samu take ci take ciyar da jikoki. Ba ta da wani abu a duniya bayan wannan tudun.

Ya tarar da ita tana gyaran ganyen kuka a tsakar gida. Ya yi mata bayani dalla-dalla, ya ce duk shekarar da gonar ta yi a hannun kulob, abincinta yana wuyansa. Ta saurare shi ba ta ɗago kai ba.

"Auta," ta ce, don har yau haka take kiransa duk da furfurarsa, "manyan mutane su bar kasuwa su bi ƙwallo cikin rana, ni wannan bai dame ni ba, kowa da irin haukarsa. Amma mai kuɗi bai cika aro ba. Me ya sa wannan yake aro?"

"Yaya, ni ma ban yarda da shi ba. Amma kin san ni. Ba a taɓa cuta ta a ciniki ba."

"Na san ka. Ka dai dawo mini da gonata yadda ka karɓe ta."

Da Fannami ya kawo maganar lauya da yarjejeniya, Abdulmannan ya ce a kai kasuwa. Ya sha ganin mutumin da ya sa hannu a kan Turancin da bai gama fahimta ba ya wayi gari ba shi da gida. Ya ce a yi yadda iyaye suka yi: a je gaban Bulama Garba, mai kula da ƙauyen, a faɗa da baki a gaban dattawa cewa aro ne, ranar da mai gona ya nemi abarsa a ba shi. Fannami ya amince nan take, ko gardama bai yi ba. Wannan saurin amincewa ya tsaya wa Abdulmannan a rai, ya juya shi ya juya, bai ga inda tsakuwar take ba.

Don haka ya sa ido. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya hau acaɓa ya dira a gonar ba sanarwa. Yana neman bulo, yana neman siminti, yana duba ko an kafa dutsen iyaka irin na masu awon fili. Ya taɓa sa a tono wani ƙarfe da ya gani a binne, ashe bututun ban ruwan ciyawa ne. Ya bi sauran mambobi ɗaya bayan ɗaya yana bugun cikinsu ko akwai wani kuɗi da za a ɓullo masa da shi daga baya. Babu. Gona ta zama shimfiɗar ciyawa mai kyan gani, aka haƙa ramuka aka kafa musu 'yan tutoci. Ya fara zuwa yana buga ƙwallo da sassafe, sukari ya sauka, har ya soma jin kunyar zargin da ya yi wa surukinsa. A shago kuwa ya ishi mutane da labarin yadda 'yan Abuja ke zubar da dukiya a kan abin da shi ya samu kyauta.

Aka sa bikin buɗewa a ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗowa ana jiran ruwan farko. An kafa rumfuna a kan tudun, baƙi sun zo daga Dutse da Kano, an jera wa Bulama Garba da dattawansa kujeru a gaba. Abdulmannan ya sha sabuwar shadda, an zaunar da shi kusa da Fannami. Ana cikin jawabai sai ya hangi motar a-kori-kura ta tsaya a bayan rumfa, ana sauke wasu abubuwa cikin baƙaƙen ledoji. Dashen dabino ne da na mangwaro. Ya waiwaya, sai a lokacin ya lura da ƙananan ramuka a jere a gefen gonar, waɗanda ba su da tuta.

Ba a dasa itace a gonar aro. Ko yaron da ya fara riƙe fartanya a ƙasar nan ya san haka. Mai aro ya shuka gero, ya shuka wake, abin da zai girbe ya tashi. Amma ranar da ya dasa bishiya mai gona yana kallo bai hana ba, to dattawa sun ɗauka an bar masa, don ba a korar mutum daga inuwar da ya dasa. Dabino kuwa sai ya ga jikokin wanda ya dasa shi. Wata da watanni Abdulmannan yana farautar siminti, ko sau ɗaya tunanin itace bai zo masa ba.

Mai lasifika ya ce shugaban kulob zai dasa bishiyar farko. Fannami ya tattare hannun riga ya durƙusa, ya sa dabinon a rami ya mayar da ƙasa. Aka yi tafi. Abdulmannan ya dubi Bulama, ya ga shi ma shi yake kallo, kallon mai jiran a ce wani abu. Kalma ɗaya ta isa. Abin da ya rage kawai shi ne ya tashi ya ce a dakata, gonar aro ce. Amma zai faɗe ta ne a gaban baƙin surukinsa, ya kunyata mutumin da 'yarsa ke zaune a gidansa da tsohon ciki. Ya ga fuskar Amira, ya ga yadda gidan zai yi mata sanyi daga gobe. Kunyar suruki ta ɗaure masa harshe, ya ji haushin kansa tun kafin ya gama yin shirun.

"Yanzu kuma mai masaukinmu, Alhaji Abdulmannan, zai zuba mata ruwan farko."

Aka miƙo masa buta. Idanu duk suna kansa, masu waya sun ɗaga wayoyinsu. Ya karɓa, ya taka zuwa bakin ramin, ya zuba.

Da aka tashi cin abinci ya ja Fannami gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Alhaji, ba mu yi maganar bishiya ba."

"Haba suruki, inuwa ce kawai. Filin golf ba ya yiwuwa babu itace, kai ma ka gani a Kano." Ya dafa kafaɗarsa yana murmushi. Abdulmannan ya ƙura wa fuskar ido yana neman alamar ko da gangan ne, bai iya karanta komai ba. Fannami ɗan ƙasar nan ne, kakanninsa manoma. Ba zai ce bai sani ba.

Ya tari Bulama yana shirin hawa babur. "Ranka ya daɗe, maganarmu ta aro tana nan dai ko?"

Tsohon ya daɗe yana gyara zaman hularsa. "Na jira ka, Alhaji. Da ka yi ko tari ne, da na tsayar da su. To ka zuba ruwa da hannunka, kuma dattawan da suka shaida aron su ne suka shaida wannan. In an zo gabana gobe, me kake so in ce ban gani ba?"

Bai koma rumfa ba. Ya bi gefen fadama a ƙafa, shaddarsa tana kwasar ƙaya, har ƙauyen yayarsa. Tun daga zaure ya gane labari ya riga shi, don matan gidan sun amsa sallamarsa suka shige ɗakuna. 'Yar'azumi tana zaune a bakin ƙofarta, hannuwanta a kan cinya, ba ta aikin komai. Bai taɓa ganinta zaune haka ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa.

"An ce an dasa dabino a gonar Baba."

"An dasa, Yaya."

"An ce kana wurin."

"Ina wurin."

"An kuma ce kai ka ba shi ruwa. Wannan ne na ce ƙarya ne, sai na ji daga bakinka."

Ya buɗe baki zai kawo maganar Amira, da baƙi, da yadda abin ya zo masa ba shiri. Ya ga babu ɗaya a ciki da zai dawo mata da ko kunyar shukar gero guda.

"Ni na ba shi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗaga labulen ɗakinta.

"Tashi ka koma, Auta," ta ce. "Kada su fara wasan babu kai."