Saiwar da Ta Kama Taga

Da aka sare tsohuwar bishiyar gidansu, surukina bai ɗauki komai ba sai wani ɓawo mai tsiro manne a jikinsa. Wai okid sunansa, furen daji ne da ke zama a jikin itace. Ni da na gan shi na ce kauci ne. Baba ya harare ni, ya ce kauci jinin bishiya yake sha, wannan kuwa wurin zama kawai ya ara. Marigayiya matarsa ce ta ɗaure shi a can tun suna da ƙarfinsu.

Baba ya dawo wurinmu a bene ne bayan ya zame ya gurɗe ƙafa. Matata ita ce autarsa, kuma idan tana son abu sai ta kusa shaƙe shi, ni shaida ne. Ta ɓamɓare tsiron daga ɓawon, ta dasa shi a tukunya da baƙar ƙasa da taki, ruwa safe da yamma. Shi kuma Baba ta ba shi kujera mai laushi, ta ɓoye takalmansa a saman kwaba don kada ya sauka matakala.

Ƙafa ta warke tuntuni, takalma ba su sauko ba. Ganyen tsiron ya fara rawaya, Baba ya fara rage abinci a kwano. Mutumin da ba ya wuce kowa a layi bai tsokane shi ba ya koma kallon bango. Abin ya dame ni, amma wa ya isa ya ce wa mai ƙauna ta rage?

Wata safiya matata ta zo ɗaga tukunyar za ta goge taga, tukunya ta ƙi. Muka duba. Ashe wata saiwa ce ta haura bakin tukunyar ta kama katakon tagar, fara sol, bakinta kore shar. Da matata ta tona ƙasar, sauran saiwoyin duk sun ruɓe, har da wari.

"Baba, me na rage shi da shi?" ta tambaya.

"Ba ki rage shi da komai ba, Auta. Shi iska yake so a ƙafafunsa."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kina jin daɗin ba shi ruwan."

Ɓawon yana nan ƙarƙashin gadonsa, bai taɓa yar da shi ba. Suka yanke ruɓaɓɓun saiwoyin da almakashi, suka ɗaure tsiron a jikin ɓawon da zare, suka jingina shi da taga don kada saiwar nan mai rai ta ɓalle. Ko zai yi fure bana, Baba ya ce sai abin da Allah ya yi.

Matata ta daɗe tsaye tana kallon saiwar nan. Daga nan ta jawo kujera ta taka, ta sauko da takalman, ta goge ƙurarsu da bakin zanenta, ta ajiye a gabansa.

"Ka dai riƙe ƙarfen matakala, Baba."

Ya saka su ya sauka. Ta koma taga, hannu a baki, tana kallonsa har ya sha kwana. Ba ta kira shi ba.