Rawar Sanyin Gangariya

Gangariya bai taɓa sayen jabun kaya ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Shekara ashirin da biyu yana gyaran motoci a garejin da ke bayan tasha. Idan aka kawo masa fulogi ko takalmin birki, ko kallon kwalin ba ya yi. Sai ya ɗora abin a tafin hannu ya jinjina, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kara a kunne, sannan ya yanke hukunci. Mai nauyi ya ce gangariya ne, marar nauyi ya miƙa wa mai shi ya ce a mayar. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa idan tana jin tsokana.

Ciwon kuwa bai yi sallama ba. Matar wani abokin aikinsa ce ta buƙaci jini, Gangariya ya naɗe hannun riga ya shiga layi yana cika baki wai jininsa ko a inji aka zuba sai ya tashi. Aka ɗiba aka gwada, aka kira shi gefe. Ciwon hanta ne, nau'in da ake kira C, kuma likita ya ce wataƙila ya yi shekaru a jikinsa yana ɓarna a ɓoye. Labari mai daɗin shi ne yanzu akwai magani: ƙwaya ɗaya kullum, sati goma sha biyu, kwalba uku. Marar daɗin kuwa kuɗinsa ne, yana rubuce a ƙasan takardar maganin. Sai da Gangariya ya tambayi likita ko hannunsa ne ya zarce ya ƙara sifiri.

Matarsa ƙanƙara take sayarwa. Tana da wata farar firiza doguwa a lungun falo, wadda ta yi shekara huɗu tana tara kuɗinta, kuma duk masu sayar da lemo a layin wurinta suke saye. Kwana uku da zuwansu asibiti ya dawo daga gareji ya tarar da lungun wayam, sai shatin ƙafafun firizar huɗu a kan siminti. A kan tebur kuma ga fararen kwalabe uku a jere.

"Maman yara, ina firizarki?"

"Ga ta nan a kan tebur," ta ce, tana ci gaba da ninke kayan wanki. "Ta ɗan motse ne kawai."

Ya so ya yi faɗa. Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya cika masa ƙirji, sai ya fita waje ya daɗe yana wanke hannun da ya riga ya wanke.

Washegari Yaya ya zo. Yayan Gangariya ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ma ya yi irin wannan ciwon shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin da allura ake yi duk sati har kusan shekara. Ya shigo da bargo a kafaɗa da bokiti a hannu, fuskarsa cike da farin cikin wanda ya samu mai saurare.

"Bargon na rawar sanyi ne, bokitin kuma za ka gane amfaninsa da kanka," in ji Yaya. "Ni da aka yi min allurar farko, haƙorana sai da suka hana maƙwabta sakat. Abinci kuwa ko warinsa ba na so. Ka ga kan nan?" Ya cire hula ya shafa sanƙonsa. "A filo na bar gashin. Amma kada ka ji tsoro, ƙane. Idan ya kayar da kai, to aiki yake yi."

Wannan magana ta shiga kunnen Gangariya ta zauna daram, domin ta yi daidai da duk abin da ya sani a duniya. Da safe ya haɗiye ƙwayar farko, ya kwanta ya ja bargo, ya jawo bokiti kusa, ya jira. Ya jira har azahar. Abin da ya zo masa kawai yunwa ce.

Rana ta biyu shiru. Ta uku kansa ya ɗan sara, ya yi murna, kafin la'asar ya sake shi. A rana ta biyar ya faki idon matarsa ya zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannu ya jinjina. Ba ta kai nauyin wake ba. Ya jefa ta a faranti ya saurari ƙararta, ya lasa, ko ɗaci na kirki babu. Shi da ake kawo wa kaya daga gareji uku don ya tantance, ga shi an shigo da jabu har cikin falonsa, kuma da kuɗin firizar matarsa.

Ya so ya faɗa mata. Ya leƙa falo ya gan ta durƙushe tana share lungun nan, tana bin shatin ƙafafun firizar da tsintsiya a hankali. Ya koma ɗaki. Bai ga bakin da zai ce mata gumin shekara huɗu ya tafi a ƙwayar alli ba. A nan ya yanke shawara irin wadda shi kaɗai zai iya yankewa: tunda maganin ya ƙi kayar da shi, zai kayar da kansa, ta ga kuɗinta na aiki.

Ya fara da rawar sanyi. Da zarar ya haɗiye ƙwayar sai ya ƙudundune a bargon Yaya yana kaɗa haƙora, gumi na bin bayansa saboda zafin gari. Ya ƙara da nishi. A sati na uku ya biya wurin mai aski aka yi masa ƙwal, ya dawo ya ce gara ya cire da kansa tun kafin ya zube a filo. Mafi wuya shi ne ƙin abinci. Za ta kawo faranti yana tururi, ya kawar da kai ya ce ko warinsa ba ya so, alhali cikinsa na kuka har ana ji.

"Sannu, Baban yara," takan ce. "Lallai maganin nan ba ya wasa."

Sai ta ɗauke farantin ta kawo masa ruwan zafi da busasshen burodi. Kullum ƙarfe bakwai na safe kuma tana tsaye a kansa da kofi, ba ta motsawa sai ya haɗiye ya buɗe baki ta gani. Shi kuwa yana isa gareji yake aika wa mai abincin bakin titi a zubo masa faranti biyu, ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar bas ya ci a can.

Yaya ya riƙa zuwa dubiya duk sati, yana komawa gida da gamsuwa. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai.

"Ni dai ramewa na yi," ya ce wata rana, yana kallon wuyan ƙanensa. "Kai kuma sai cika kake."

"Kumburi ne," in ji Gangariya daga cikin bargo.

Matarsa ta tashi da sauri ta shiga kicin, aka ji tana ta tari.

Haka aka cinye kwalba biyu. Ta ukun na nan ba a ɓalle murfinta ba, kuma ita ce ta hana shi sukuni. Ya lissafa cewa idan ya mayar da ita aka ba shi kuɗinta, ko ƙaramar firiza ta hannu za a samu. Alli kuwa ko an sha kwalba biyu ko uku duk ɗaya ne. Da hantsi ya zura ta a aljihu ya nufi ɗakin magani na asibitin, yana shirya faɗan da zai yi.

Mai ba da maganin wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ya dangwarar da kwalbar a kan kanta ya bayyana mata ko shi wane ne, da shekarunsa a sana'a, da yadda ya jinjina ƙwayar ya ji ba komai, alhali maganin yayansa kayar da shi ya yi. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Me kake ji idan ka sha?"

"Ba komai. Ɗan ciwon kai, wani lokaci kasala. Shi ke nan."

"To ai shi ke nan ɗin. Yawancin masu shan sa abin da suke ji ke nan, wasu da ɗan tashin zuciya, wasu ko hakan ba sa ji. Na yayanka tsohon magani ne, an wuce wurin. Kai da kake gyaran mota, idan sabuwa ta shigo garejinku injinta ba ya ƙara, cewa kake ba inji a ciki?"

Gangariya bai ji daɗin yadda aka shigo masa gareji ba tare da izini ba.

"Jabu akwai shi a duniya, ban ce babu ba," ta ci gaba. "Amma ba a tafin hannu ake gane wannan ba, a jini ake ganewa. Idan ka tsaya yanzu, ciwon na iya dawowa, kwalba biyun da ka sha su tafi a banza." Ta tura masa kwalbar. "Kuma ko da ana karɓar magani idan ya fita, kai ba zan karɓa a hannunka ba. Matarka ta ce min za ka zo. Ta ce mai ƙwal a kai, yana tafe yana jinjina abu a hannu."

Hanyar gida ta yi masa tsawo ranar. Ya tarar da ita a falo tana tsintar shinkafa, ga bargon Yaya an wanke an ninke a kan kujera, bokitin kuma an cika shi da albasa. Ya ajiye kwalbar a kan tebur ya zauna.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun sati na biyu. Da ka fara kaɗa haƙora na tsorata, na tafi wurin matar nan da kukana. Ta ce wannan ba halin maganin ba ne, in kawo ka a duba. Na biya gareji in ɗauke ka, sai na hango ƙafafunka a ƙarƙashin bas, ga faranti biyu a gefe."

"Kika bar ni sati shida ina cin busasshen burodi."

"Kai ka ce ba ka son warin abinci."

Ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi. Ita ma ta yi har ta share ido da gefen zane. Da suka lafa sai ya tambaye ta dalilin da ya sa ba ta tona shi ba.

"Na san wanda na aura," ta ce. "Da na ce maka ƙwayar gaskiya ce, cewa za ka yi me mai ƙanƙara ta sani. Ka daina sha a ɓoye, ka riƙa zubawa a kwata. Amma muddin kana wasan nan, dole ka haɗiye a gabana kafin ka fara rawa. Sai na ce bari ya yi ta rawarsa." Ta ajiye tiren shinkafar. "Kuma na san don ni kake yi. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi. Amma ka ji da kyau, Baban yara. Ban sayar da firizata don in ga kana shan wahala ba. Na sayar ne don ka daɗe kana damuna."

Ya jawo kwalbar ya ɓalle murfin da kansa.

Ya shanye ta ba bargo ba nishi, kuma a gida yake cin faranti biyunsa. Yaya ya ji haushi ƙwarai da aka mayar masa da kayansa, ya ce zamani ya lalace, yanzu har ciwo ma ba a yin sa da gaske. Bayan ƙwayar ƙarshe aka ce su jira wata uku kafin gwajin da zai raba gardama. A watannin nan Gangariya ya riƙa karɓar aikin da da yake rainawa, har facin taya, ba tare da ya ce wa kowa komai ba.

Ranar sakamako tare suka je. Likita ya duba takardar ya ce ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba, ya warke. Gangariya ya karɓi takardar, kafin ya ankara ya ɗora ta a tafin hannu yana jinjinawa. Matarsa ta make masa hannu.

Da yamma wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da firiza. Ta hannu ce, ta fi ta da gajarta, murfinta da ɗan lotsawa, ƙafafunta ma ba su hau kan tsohon shatin ba. Da aka jona ta sai ta ɗauki ruri har kofunan kan tebur suna amsawa.

"Gangariya, duk kasuwar ba ka samu mai shiru ba?"

"Akwai," ya ce. "Wannan dai ko daga gareji zan san tana aiki."

Ta daɗe tsaye da tafin hannunta a kan murfin. Washegari da rana yana zaune yana cin abinci ta zo ta bayansa, ta ja wuyan rigarsa, ta saka masa ƙanƙarar farko da firizar ta yi. Ya zabura ya miƙe yana karkarwa, haƙoransa na haɗuwa.

"Yauwa," ta ce. "Da ma ina so in ga rawar sanyi ta gaskiya sau ɗaya."