Tambaya ta Uku

A makarantar da Malama Jemimah take koyarwa, can cikin Sabon Gari, akwai ɗan lokacin da ake ware wa kowane malamin aji da safe. Da an tashi daga taron safe sai kowa ya shiga ajinsa ya zauna da yaransa kafin a fara darasi. Lokacin bai fi na shan koko da ƙosai ba. Wasu malaman kiran suna kawai suke yi su koma latsa waya, wasu su duba farce da safa. Ita Malama Jemimah gaisuwa take yi, har abokan aikinta suna yi mata tsiya wai ta mayar da aji shida zauren mai unguwa.

Ko a jikinta, don ta san abin da take yi. Yaron da ya tashi a Zariya, Bahaushe ne, Bayarabe ne ko Ibo, in ka ce masa ya gida, lafiya lau zai ce maka, ko da jiya rufin ɗakinsu ya rufta. Haka aka koya mana duka. In ka sake tambaya, ya ce mun gode Allah. Sai a ta uku, bayan ka ja kujera ka zauna kusa da shi ka yi shiru, sannan zai sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Da tambaya ta ukun nan ta gano yaron da yake zuwa ba karin kumallo, da yarinyar da wani ɗan acaba yake tarewa a hanya.

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta, Mista Kayode, mutum mai son a ga sakamako. Bai yi wata guda ba ya soke lokacin, ya cusa ƙarin darasin lissafi a gurbinsa. Malama Jemimah ta same shi a ofis.

"Sa, wannan lokacin shi kaɗai nake da shi da yarana. A aji shida ba na koyar da komai, ni malamar ajinsu ce kawai."

"Malama, gaisuwa ba ta fitowa a jarrabawa," in ji shi, yana murmushi. "Ki kira suna a bakin ƙofa, ya isa."

Ba mugun mutum ba ne, abin haushin ke nan. Da mugu ne da an san yadda za a yi da shi.

A ajin akwai Adaora. A Chikaji aka haife ta, Hausarta ta fi ta Malama Jemimah daɗi. Babanta kanikancin janareta yake yi, mamanta kuma tana sayar da busasshen kifi. Da yake Malama a Samaru take zaune, Adaora ba ta gajiya da tambayar ta yadda jami'a take a ciki, ko da gaske ne ɗakin karatunta ya fi makarantarsu girma. Jarrabawar gama sakandare saura 'yan watanni, kuma duk ajin ba wadda Malama take sa wa rai kamar ita.

A kanta Malama ta fara ganin alama. Duk Asabar mamanta take yi mata sabon kitso, amma sai ga kitso ɗaya ya tsufa a kan yarinyar har ya fara warwarewa. Sannan malamai suka fara kawo ƙara: tana barci a aji, ba ta yin aikin gida, ta faɗi gwaji. Wani ya sa ta durƙuso a rana, wani ya ce samari ne suka ɗauke mata hankali.

Kullum da safe Malama tana tsaye a bakin ƙofa tana kiran suna a gurguje, malamin lissafi, Malam Albert, yana bayanta riƙe da alli.

"Adaora, ya gida? Ya Mama?"

"Lafiya lau, Ma."

Shi ke nan, sai ta wuce. Malama ta neme ta a hutun tara, ta tarar an tsare ajin ana gyaran gwaji. Ta jira ta a tashi, amma kafin ta sallami nata ɗaliban yarinyar ta riga ta fice da sauri. Ta kira lambar baban, ya ce yana wurin aiki, komai lafiya, ya gode. Ta koma wajen Mista Kayode ta roƙi ko da safiya ɗaya ce a mako, ya ce a bari sai bayan jarrabawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta fito tana jin kamar ta yi kuka.

Wata Litinin ta iso ta tarar da Adaora a bakin ajin tun kafin kowa, ta ɗaura ɗankwali a kan tsohon kitson.

"Ya gida, Adaora?"

"Lafiya lau, Ma."

Amma yau ba ta wuce ba. Ta tsaya tana murza hannun jakarta. Malama ta matso kusa da ita.

"Ya Mama da jiki? Ko dai ba ta da lafiya ne?"

"Mun gode Allah, Ma."

Malama ta kama hannunta ta ja ta ciki, ta jawo kujera. Ko zama ba ta yi ba sauran yara suka yo ca daga taron safe, Malam Albert yana biye yana buga ƙofa da abin goge allo, ga Mista Kayode a baranda yana duba agogo.

"Ki same ni da tara," Malama ta ce mata ƙasa-ƙasa. "Kin ji? Ki same ni."

Adaora ta gyaɗa kai. Da aka buga tara, kujerarta ba kowa.

Ba ta zo ba washegari, ba ta zo ba har Juma'a, lambar baban kuma a kashe. Ran Asabar Malama ta hau bas daga Samaru zuwa PZ, ta nemi keke zuwa Chikaji, tana tambaya har aka nuna mata gidan hayar. Ƙofar ɗakinsu da kwaɗo. A tsakar gida wata dattijuwa tana fifita wuta a murhu, ta ce ita ce Mama Tolu, maƙwabciyarsu.

"Sannu da aiki, Mama. Ni ce malamar ajin Adaora."

Dattijuwar ta ajiye maficin, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce Malamar? Ayya. Zauna, 'yata." Ta turo mata kujera 'yar tsugunne. "Ai sun tafi. Shekaranjiya suka ɗauki gawar zuwa garinsu, kin san su a gida suke binnewa. Uban ya sayar da kayan aiki, ya ce ba zai iya riƙe yara shi kaɗai a nan ba. Adaora wajen gwaggonta za ta zauna, a shago."

"Gawar wa, Mama?"

"Uwarta mana. Ba ku sani ba? Tun farkon zangon nan tana asibiti. Yarinyar nan ce mai jinya, a ƙasa take kwana gefen gado, daga can take zuwa muku makaranta. Ran Lahadi Allah ya yi mata cikawa."

Malama ta dubi dattijuwar. Da ƙyar ta ce, "Amma ran Litinin ta zo makaranta."

"Ni na gan ta da idona tana sa kayan makaranta. Na ce ke, ina za ki, uwarki ko sanyi ba ta gama yi ba? Ta ce Mama, ki bar ni, Malama za ta tambaye ni. Kafin azahar sai ga ta ta dawo. Na ce to, ta tambaye ki? Ta ce e, sau biyu. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ni dai ban gane ba."

Malama Jemimah ta gane. Ta zauna tana kallon kwaɗon da ke jikin ƙofar, hayaƙin murhu yana shiga mata ido. Jarrabawar, da jami'ar, da ɗakin karatun da yarinyar ba ta taɓa gani ba, duk sun tafi a motar da ta ɗauki gawar.

"Malama, lafiya dai?" in ji Mama Tolu.

"Lafiya lau, Mama."

Dattijuwar ta ce to madalla, ta ɗauki maficinta ta koma kan tukunyarta.